Askin duƙushin Sham

Shekarata ta uku ke nan ina aikin barga a gidan wani attajiri a hanyar Abhur a Jidda lokacin da aka kawo masa duƙushi daga Sham. Ja ne, shekararsa ɗaya da rabi, ya sauko daga mota da gashin sanyin ƙasarsu, mai kauri kamar bargo. Maigidan ya zagaya shi sau biyu, ya damƙa min igiya, washegari ya tafi Misira da niyyar yin wata biyu.

Sai zafi ya shigo da wuri. Gashin ya fara zuba, amma a guntu-guntu, nan ya saki, can ya ƙi. Kullum safiya in goge shi har hannuna ya mutu, in tara gashi cike da kwando, jikinsa kuwa kamar ban taɓa ba. Danshin tekun Jidda ba ya barin zufa ta bushe. Ƙuraje suka feso masa a ƙirji, ya koma haki ko yana tsaye a inuwa. Ranar da ya shinshina sha'ir, hatsin da ake ba shi, ya kau da kai, na gane abin ya yi tsanani.

Na san maganin, aski ne. Na kuma san abin da ke hana ni. Sabon gashi na tahowa a ƙarƙashin tsohon, in almakashi ya ci kansa, jan nan zai dushe har baɗi. Ban da haka, a wurin su maigida dokin asali ba a yi masa aski. Jakuna ake yi wa. Kwana huɗu ina juya maganar, abinci ma ba ya shiga.

Mahaifiyata ce ta gaji da ganina haka.

"Kai, halas, ya isa haka mana! Gashi yana tsirowa. In ya mutu, me za ka nuna wa mutumin, igiya?"

Na tafi unguwar Ammariyya na ɗauko wani dattijo Bahaushen Sudan, wanda duk fararen jakunan unguwar shi ke musu aski, ya zana musu ado a cinya, masu su kuma su sa musu lalle. Ba ni da wani wanda na sani da almakashin dabba. Tun a hanya nake nanata masa.

"Baba, don Allah a sassauta hannu. Sama-sama kawai."

"Ya waladi, ɗana, tun ba a haife ka ba nake wannan aiki. Yalla, maza riƙe min kansa."

Duƙushin bai taɓa jin ƙarar almakashi ba, sai rawar jiki yake yi. Na rufe masa ido da rawanina, na manna goshina a nasa ina lallashinsa. Abin da ke faruwa a bayansa ban gani ba. Ina dai jin Baba yana ƙananan waƙe-waƙensa, har na fara jin sanyi a raina.

Da ya ce in zo in duba, na zagaya. A cinyar hagu, layi uku na zane, tsaf-tsaf, irin na jakin mai ruwa.

"Baba! Me ka yi min?"

Ya dubi cinyar, ya dubi almakashin, ya riƙe baki.

"Wallahi hannu ne ya tafi da kansa."

Na so in yi masa ihu, amma tsoho ne, kuma ni na kawo shi. Hanyar ɓatar da zanen guda ce, a kwashe gashin wurin har fata, a yi wa ɗaya cinyar haka don su daidaita. Muka yi. Duƙushin ya koma kamar kazar da aka fara figewa aka fasa. Kafin la'asar ya cinye sha'irinsa tas, ya sha ruwa bokiti guda.

Daga ranar ban sake samun kwanciyar hankali ba. Kowace safiya sai na ɗora yatsa a cinyar in auna tsiron, in shafa man zaitun, in lissafa kwanakin da suka rage. In na ji mota a ƙofa, sai in leƙa in ga ko maigida ne. Gashin ya fito, amma inda almakashi ya fi nutsewa ya fito da wani launi daban, zanen ya dawo yana leƙe.

Maigida ya dawo saura kwana goma a cika wata biyun, tare da baƙi uku da ya kawo su ga dokinsa. Ɗaya daga cikinsu ya sunkuya, ya bi layin da yatsa, ya tuntsire da dariya.

"Ya Ammi, ranka ya daɗe, ya daina cin abinci ne," na ce da maigida. "Da ban yi ba..."

Maigida bai ko dube ni ba. Ya shafa wuyan duƙushin, wanda ya yi ɓul-ɓul yana sheƙi, ya ce da direbansa a nemo wani mai kula da barga kafin Juma'a.

Ni na nuna wa sabon inda ake ajiye sha'ir, na gaya masa duƙushin ba ya son a taɓa masa kunne. Da na zo fita na tsaya a bakin bargar na kira shi yadda na saba. Yana cikin cin abinci, bai ɗago ba.