Mota Ɗaya Ce

Ban taɓa mantawa da Litinin ɗin da na fara aiki a shagon nan ba, kuma ko na so in manta, Mama Ladi mai guga ba za ta bar ni ba. Tunda ku sababbin ɗauka kuna ta tambayar abin da ya sa makullin shago yake hannun mai gadi ba hannun ma'aikaci ba, bari in faɗa muku da bakina kafin wani ya ba ku labarin da gishiri.

A lokacin ina Funtuwa, ina tsaron shagon zare da maɓalli na wani Alhaji a kasuwa. Takardar sakandare kawai gare ni, sai waya mai tsagaggen gilashi. Na ce Abuja zan koma. Babanmu ya kafa sharaɗi biyu: ba zan taka tasha ba sai da aiki a hannu, da kuma gidan dangi da zan sauka. Na biyun bai dame ni ba, don ƙanwarsa, Gwaggo Asabe, a Abuja take aure. Duk unguwarmu an san haka. In ta zo biki "mutanen Abuja" ake ce mata, a ba ta kujera mai hannu, mu kuma tabarma.

Saura aiki. Wanda bai taɓa neman aiki daga nesa ba bai san wulaƙanci ba. Za ka shiga guruf-guruf na waya inda ake tura tallan aiki, ka tura bayaninka da hotonka, ka zauna kana kallon waya kamar mai jiran ganin wata. Kowane talla kuma da jela ɗaya yake ƙarewa: sai mazaunin Abuja. Da farko Funtuwa nake rubutawa. Shiru. Waɗanda suka amsa biyu ne: ɗaya ya ce in turo kuɗin fom, ɗayan ya ce in turo hotona a tsaye, gaba da baya, wai aikin karɓar baƙi ne a wani ofis da shi kansa bai san adireshinsa ba. Sai wata a guruf ɗin ta ce mini, "Ke baƙauya ce? Kowa aron adireshi yake yi." Na ce ni ba sai na yi aro ba, ina da Gwaggo.

Daga fara rubuta Abuja aka kira ni daga shagon nan na labule da ke Utako. Ga wanda bai san tsarinmu ba: Madam ce mai shago, sai manaja, sai teloli da masu zuwa gidaje su auna taga su rataya, sai mai guga. A can ƙasa akwai mai karɓar baƙi, wadda ke nuna wa masu saye yadi, ta amsa waya, ta sha faɗan kowa. Wannan kujerar aka tallata. Tantancewar kuma ta kiran bidiyo ce.

Na ari mayafin yayata, na zauna a gaban bangon da ya fi kowanne fenti a gidanmu. Madam ta bayyana a waya. Bakanuwa ce, amma kada ku kuskura ku ce mata Hajiya. Ba ta tambaye ni ko na san leshi da karammiski ba. Cewa ta yi, "A ina za ki zauna?"

"Gidan Gwaggona, a Abuja."

"Abuja da faɗi. Mota nawa ce zuwa Utako?"

Ban gane tambayar ba. Daga baya na fahimci cewa a garin nan ba a auna nisa da awa ko da mil, da mota ake aunawa. Mai hawa biyu ɗan gata ne, mai hawa uku talaka ne, mai hawa huɗu kuma sai a yi masa addu'a. Na roƙi Madam ta ɗan jira, na fizgi wayar Innarmu na kira Gwaggo.

"Utako? Ai mota ɗaya ce, 'yata. A bakin titi za ki tsaya."

Na maimaita wa Madam. Har tafi ta yi. "Alhamdulillahi! Na gaji da masu zuwa mini da labarin goslo, wai cunkoson motoci ya tsare su. Ki zo ranar Asabar."

Washegari na ajiye aikin Alhaji, kuma ban ajiye shi da ladabi ba. Na faɗa masa duk abin da na daɗe ina haɗiyewa game da fankarsa da ba ta juyawa. Kafin in fita daga kasuwa ya sa wata a kujerata. Maƙwabta suka yi ta shigowa sallama, har an fara ce mini "mutanen Abuja". Kun ga ke nan hanyar komawa ta toshe.

Asabar na sauka a tashar Jabi, na wuce shago kai tsaye da jakar bakkona. Madam ta tara ma'aikata, ta ɗaga makulli sama kamar kofin gasa.

"Daga yau Murja ce mai buɗe shago. Mota ɗaya ce tsakaninta da nan. Ku yi koyi."

Ta ƙara da cewa ranar Litinin da sassafe wata babbar Hajiya daga Maitama za ta zo ɗaukar labulen sabon gidanta, don ranar za a yi walimar tarewa. Na ce ta kwantar da hankalinta. Na fito na kira Gwaggo ta yi mini kwatance.

"Ki shiga tashar Utako, ki hau motar Lakwaja, ki ce a sauke ki Abaji."

Na ɗauka Abaji wata unguwa ce a bayan kasuwa. Kuɗin motar ya ɗan ba ni mamaki, amma na ce Abuja ce, komai da tsada. Muka tashi. Dogayen gine-gine suka ƙare. Gajeru ma suka ƙare. Muka wuce Gwagwalada. Na yi barci, na farka na ga gonakin doya. Direba ya tsaya aka yi sallah, fasinjoji suka sayi gasasshiyar ayaba, wata mata har da canza wa goyonta kaya. Na taɓa na kusa da ni na ce, "Malam, har yanzu Abuja muke?" Ya ce, "Har yanzu." Na sake yin barci.

Gwaggo ta tare ni da guɗa. Ban ko ajiye jaka ba na ce, "Gwaggo, wannan ce Abujar?"

"Mota nawa kika hau?"

"Ɗaya."

"To, na yi miki ƙarya?"

"Yaushe rabonki da Utako?"

"Tun ina da cikin Auwalu."

Na waiga na dubi Auwalu. Yana gyara babur a tsakar gida, da gemunsa.

Litinin ina sallame sallar asuba na tsaya a bakin titi kamar yadda ta ce. Motar da ta tsaya doya ce fasinjojinta na gaskiya, mu ciko ne. Doya a but, doya a ƙarƙashin ƙafata, doya a cinyar tsohon da ke gefena. Direba ya ƙi tashi sai ta cika. A Gwagwalada ya tsaya sauke kaya, ya kuma tsaya rigima da mai kayan. A Lugbe muka faɗa goslon da ban ga ƙarshensa ba. Wayata tana ta kuka a jaka, makullin kuma yana cikin tafin hannuna har ya yi mini shaida.

Da na iso rana ta take. Teloli na zaune a kan matakala. Motar Hajiyar Maitama na fake a gaban shago, gilashi a rufe. Madam na tsaye, hannu a ƙugu.

"Ba ke kika ce mini mota ɗaya ba?"

"Ɗaya na hau, Madam."

"Daga ina?"

"Abaji."

Teloli suka fashe da dariya. Manaja ya cire hularsa ya ce, "Sannu da hanya, baƙuwarmu. Ya mutanen Lakwaja?"

Madam ba ta yi dariya ba. "Ba ni makullina. Ki koma inda kika fito."

Na tuna kujerata a shagon Alhaji da wata a kai. Na tuna maƙwabtan da suka raka ni tasha. Na ce in dai korar ce, to ba zan tafi da magana a ciki ba.

"Ga makullinki, Madam. Amma wa za ki ba?"

Ta juya ta dubi teloli. Babbansu ya ce su daga Mararraba suke, mota biyu da babur. Ta dubi manaja, ya hau duba wayarsa, don shi Suleja yake kwana, wadda ita ma, kamar Mararraba, ba a Abuja take ba. Idonta ya faɗa kan Mama Ladi, dattijuwar Gbagyi da ke mana guga.

"Madam, kada ka duba ni," in ji Mama Ladi. "Ni a nan Utako aka haife ni. Inda motan Hajiya ya tsaya, gonan babana ne. Yanzu mota uku ni ke hawa in zo."

Madam ta ce ba komai, za ta sake yin talla, kuma wannan karon sai mazauniyar Jabi ko Utako.

Na ce, "Madam, wadda ke kwana a Jabi ba za ta zo ta buɗe miki shago a kan albashin nan ba. In kin gan ta a nan, labule ta zo saya."

Ashe Hajiya ta sauke gilashi tana jin mu. Ta yi dariya har tana dukan ƙofar mota. "Madam, yarinyar nan ba ta da kunya, amma ba ta yi ƙarya ba. Ni dai a buɗe a ba ni kayana. Kuma ita nake so ta zaɓa mini yadin ɗakunan sama. Wannan ba za ta ce mini mummuna ya yi kyau ba."

Ba a korar ma'aikaciya a gaban mai sayen labulen ɗakunan sama. Madam ta haɗiye fushinta, amma makulli na hannunta ba ta san inda za ta kai shi ba. Sai Malam Iro mai gadin filazar da shagonmu yake ciki ya yi gyaran murya daga kan bencinsa.

"Ranki ya daɗe, ni fa nan nake kwana."

"Mota nawa?" in ji manaja.

"Ko takalmi ba na sawa."

Tun daga ranar makulli yake wuyansa. A duk ginin nan shi kaɗai ne mazaunin Abuja irin wanda talla yake nema, kuma ɗakinsa bai kai teburin yankan teloli faɗi ba.

Ni kuwa aka ba ni wata guda na gwaji. Mama Ladi ta ɗauke ni na zauna da 'yarta a wajen Kubwa, bayan Babanmu ya yi mata tambayoyi a waya kamar ita ce mai neman aikin. Mota uku nake hawa, kuma ina riga manaja zuwa. Gwaggo har yau ba ta huce ba. Ta gaya wa duk dangi cewa yaran yanzu ba su san gata ba, na bar mota ɗaya na koma uku.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan kowa yana son ma'aikaci na kusa, amma ba wanda yake biyan kuɗin kusa. Madam har gobe tana rubuta "sai mazaunin Abuja" a tallanta, masu nema kuma suna rubuta Abuja, kowa ya san abin da ake ciki. Shi ya sa yanzu da ni ce nake yin kiran bidiyon, ba na tambayar mota nawa. Kun dai ji abin da na tambaye ku: direban yana tsayawa a ci abinci a hanya?

In kuma kun je gida da Sallah aka ce muku "mutanen Abuja" aka jawo muku kujera mai hannu, ku zauna abinku. Ni ma zama nake yi. Ƙafafun nan sun sha mota.