Maigadin da Ya Nemi Kwana Casa'in

Ban tashi da kakata ta jini ba, tana Kano. Wadda ta zame mini kaka a unguwarmu ta Handsworth, a ƙasar Turawa, maƙwabciyarmu ce, tsohuwa 'yar Pakistan da muke kira Nani. Idan Mama ta tafi aikin yamma a asibiti, gidanta ake kai ni. Bayan magariba takan kunna hitar gas, ta miƙo mini gurasa mai zafi, ta soma labari da guntun Turancinta.

Labarinta ɗaya ne. Wasu 'yan'uwa suna ta rigima kan gonar mangwaro da suka gada. Sai maigadinsu ya ce su ba shi makulli na kwana casa'in, ya gyara shinge, su huce. Suka ba shi. Kwana casa'in ya zama shekaru. Da ya mutu, wani maigadin ya ɗauki makullin, shi ma da alkawarinsa.

Wata rana na ce, "Nani, ba wanda ya ce a dawo da makullin?"

"Akwai. Yaro ɗaya, mai tsayi, mai son gurasa kamarka."

"Me ya same shi?"

"Ci abincinka, ya huce."

Sai da na girma Mama ta gaya mini yaron nan ɗan Nani ne. Ɗalibi ne lokacin da sojoji suka karɓe mulki a Pakistan suka ce za a yi zaɓe cikin wata uku. Ya raba takardu yana tuna musu. Aka zo da mota aka tafi da shi, ko gawarsa Nani ba ta gani ba.

Yanzu atamfa da leshi nake sayarwa a Manchester. A shekarun da gwamnati take ta yanke kashe kuɗi, masu mallakar ginin kasuwarmu suka ce za a rufe na ɗan lokaci don gyara, mu bar kaya a ciki, mu miƙa makullai. A ranar na ɗauko mota na kwashe nawa tas. Maƙwabcin rumfata ya ce, "Alhaji, wata uku ne fa, ka cika zargi."

Rufin ya yi yoyo, kayansu suka ruɓe, ba a sake buɗewa ba. 'Yan kasuwar suna cewa ina da wayo. Ni labari na ji ina cin gurasa, Nani ce ta rasa ɗa.