Uwar Kuɗin Yaya

Daga Gwarzo har Kabo ban san wanda ya kai ni iya karanta takardar Turanci ba. Ta asibiti, ta kotu, har rubutun jikin buhun taki, duk ni ake kawo wa. In na riƙe takarda na gyara tabarau, kaji ma shiru suke yi. Shi ya sa da Yayana ya yi ritaya daga koyarwa a Durun aka biya shi garatuti, gidana ya fara zuwa.

Lokacin tsadar rayuwa ta kai inda ta kai. Fansho sai ya yi wata uku bai leƙo ba, ga yara a sakandare. Burin Yaya shi ne gonar maƙwabcinsa, wanda ya yi alkawarin sayar masa nan da shekara biyu in zai koma birni. Yaya yana neman inda kuɗin za su zauna lafiya, suna ɗan riƙe gida kafin lokacin.

Banki kam, Yaya ya ce a kai kasuwa. Shari'a ta shigo, ko'ina wa'azin kuɗin ruwa ake yi, shi kuwa a sahun gaba yake salla. Sai na samo masa takardar wani kamfani a Kano da ke juya kuɗin 'yan fansho a kasuwanci, duk wata ya ba ka abin da banki ko a mafarki ba ya bayarwa. Na karanta masa shafin farko da murya irin ta mai labaran rediyo. Shafi na biyu rubutunsa kamar sawun tururuwa, na ce masa surutun lauyoyi ne.

Tambaya ɗaya ya yi mini. "Uwar kuɗin fa, tana nan?"

"Yaya, uwa ai haihuwa ce aikinta. Kai dai ka ci 'ya'ya."

Wani abokin aikinsa, malamin lissafi mutumin Filato, ya ce masa kasuwar da ribarta ba ta sanin rani da damina a ƙara duba ta, kuma ko zai sa, ya sa rabi. Na ce mutumin da albashinsa ke ƙarewa ran goma ga wata shi zai koya mana kuɗi? Yaya ya zuba duka.

Gaskiya kamfanin bai taɓa saɓa alkawari ba. Duk ƙarshen wata sai an biya. Gidan Yaya aka koma cin shinkafa ran Juma'a, ni kuma tsofaffin malamai har daga Madadi suna zuwa gaishe ni.

Da maƙwabcin ya shirya, muka shiga mota zuwa Kano ɗauko uwa. Akawun kamfanin ya tarbe mu da ladabi, ya duba, ya ce abin da ya rage rabi ne da ɗan ɗoriya. Na miƙe na fara Turanci. Shafi na biyu ya buɗe ya ɗora yatsa. An rubuta cewa duk watan da kasuwa ba ta kawo ba, daga jikin uwar za a yanko a biya, a kuma cire ladan masu juyawa. Ya ce ai abin da ya raba su da kuɗin ruwa ke nan, kasuwanci akwai samu akwai rashi. A ƙasan shafin ga sa hannuna, a matsayin shaida, har da ƙawa a wutsiya.

Rabi bai sayi gona ba. Wani mutumin Dugabau ne ya saye ta a makon.

Amma a ranar, a motar dawowa, Yaya yana ta kallon gonaki ta taga har muka kusa Kabo. Sai na ce masa ko ba komai dai masu kamfanin ba su gudu ba, kuma ko kwabon haram bai shiga cikinsa ba.

Ya ce haka ne. Sannan ya dube ni.

"Da a ƙarƙashin katifa na sa, ina zara duk wata, haka za ta yi mini, kuma ita ba ta cire lada. Nan gaba da ita zan yi shawara."