Ruwan Alwalar Ƙanena

Da ƙanena ya rasu a Italiya, duk wanda ya kira ni daga can magana ɗaya yake yi: ya cika da imani, bai sha wahala ba. Na san wannan maganar. Ni ma na sha faɗin ta a gidan makoki ba tare da na ga komai ba. Amma Inna, mahaifiyarmu, da ke zaune a wurina a Orozo, kullum idan ta idar da salla sai ta tambaye ni ko yaron nan ya samu yin tasa a kwanakinsa na ƙarshe. 

Wadda ta ga komai ita ce tsohuwar da yake kula da ita, a gidanta ya yi jinya. Ba ta jin Turanci. Ina da maƙwabciya ma'aikaciyar gwamnati da ta yi karatu a can, ta ce in kira za ta fassara mini. Na ƙi. Bahaushiya ce mai tausayi, na san kafin maganar ta iso kunnena ta riga ta tace ta. Na ce ta koya mini Italiyancin kawai.

Ta yi dariya, ta ce, "Maman yara, mutane da gaisuwa suke farawa, ke kin zo neman abin da ya riga ya wuce."

Duk Asabar sai ta zauna a kicin ɗina ina gyaran kayan miya, ta sa ni in ba ta labarin abin da na yi tun safe. Ho cucinato, na yi girki. Ho portato l'acqua, na kawo ruwa. Sono andata al mercato, na je kasuwa. Kalma biyu ake haɗawa kafin aiki ya zama an gama shi, ni kuwa kullum sai na yar da ɗaya. Ta ce mutanen can ba sa karɓar miya ba gishiri.

Ranar da na kira tsohuwar, bayan la'asar ne, ni kaɗai a ɗaki. Fuskarta ta cika wayar, duk tamoji. Na faɗi ko ni wace ce, ta dafe baki. Na yi tambayar farko, ko ya sha wahala. Ta ce sì, wato e, ta sake maimaitawa, ba ta sassauta ba. Sai na ji na yarda da duk abin da za ta faɗa bayan wannan.

"Ha pregato?" Ya yi salla?

Ta yi magana mai tsawo, yawancinta ya wuce ni. Sai ta tashi da kyar, ta dawo da wani kwanon roba shuɗi. Ho portato l'acqua, ta ce. Ta shafa fuska, ta shafa hannu har gwiwa, yadda ta ga yana yi. Da ya kasa tashi, ita ke kai masa ruwan bakin gado.

Na fito na tarar da Inna a kan darduma. Na gaya mata kwanon, da launinsa, da matar da ba ta san alƙibla ba tana ɗaukar ruwan alwala. Ta sa mata albarka. Ta tambaya ko ya sha wahala.

Na ce, "Inna, ya yi salla."

Ta dube ni jim kaɗan, ta ci gaba da jan carbinta.