Ƙwaryar Bado

Tun kafin zuwan Nasara, bayan garkar kakata a Dakoro akwai tabkin da bado ke rufewa da fararen furanni. In daka ya ishe ni, sai in ɗauki ƙwarya in ce zan ciro bado. In zauna gindin kalgo, in tsoma ƙafafuna masu faso, ina kallon gajimare na kiwo cikin ruwan kamar tumaki. Can ba mai kirana.

Kullum da ƙwarya wayam nake komawa. Ran nan ina shirya ƙarya, kakata ta dubi dugadugaina da suka yi laushi, ta miƙo mini man shanu.

Ta ce, "Shafa, jikalle. Ni ma tun ina budurwa nake zuwa ciro badon nan, ban taɓa kawo ko ɗaya ba."