Matar da Ta Hana Mu Shafar Waliyyi

Shekara talatin da ɗaya ke nan Nunziata Ciullo tana sauka matakalar dutse da sassafe, makulli a wuya, ta share gishirin da teku ya watsa a bakin kogon garinmu. Jibi za ta ajiye aiki. Har yau akwai gidajen da ba sa amsa gaisuwarta.

A bangon kogon akwai zanen da mutanen farko suka karce: wani abu a tsaye, mai 'yan hannuwa da dogon hanci. Kakanninmu suka ce waliyyi ne. Duk masuncin da zai fita sai ya shafa masa man zaitun, har hancin ya fara gogewa.

Nunziata tana sayar da kifi ban da gadin kogon. Wata shekara da sanyi ta ciro mataccen tsuntsu daga komar mijinta, irin baƙaƙen nan masu nutso. Ta ga tsage a bakinsa, ƙafafunsa can wajen jela. Ta kai shi kogon ta gwada shi da zanen. Ranar ta garƙame ƙofar kogon.

"Goggo, buɗe mana, iska na juyawa," in ji maƙwabcinta Ippazio.

"Waliyyin naku ƙafar agwagwa gare shi. Ku tafi coci."

"Mai wankin kifi ta zama farfesa."

"Gara ni, na san abin da nake wankewa. Kai tun kana yaro kake shafa wa tsuntsu mai."

Masunta suka kai ƙararta wurin magajin gari. Ta shiga zauren da tsuntsun a kwando, kwanansa huɗu da mutuwa, ta dire shi a kan tebur. "Babban wansa ne a bangon," ta ce. "Abin da kuke kira hannu fiffike ne, hancin kuma baki." Zaman bai yi minti goma ba saboda wari. Aka daina sayen kifinta. Sau biyu ana ɗura siminti a kwaɗon, tana sa sabo.

Sai bayan shekara tara masu tonon kayan tarihi suka fito da ƙasusuwa daga ƙasan kogon. Ƙaton tsuntsun teku ne wanda ba ya tashi, mutane sun ƙarar da irinsa a duniya. Sunanta bai shiga littafinsu ba.

Nunziata, ke ce kika tsaya aka zage ki. Ba mai rai da ya taɓa jin kukan tsuntsun nan, amma bakinsa yana nan a bango, da tsaga bakwai, na ƙirga da fitila. Mun gode. Duk wanda zai karɓi makullin, ya karɓa har da taurin kan.

Jiya da yamma muna zaune a ƙofar gidanta, Ippazio ya daɗe yana kallon teku, sannan ya ce, "To in tsuntsu ne, wa ya riƙa dawo da mu gida duk shekarun nan?"

Nunziata ta ci gaba da ɓarar wakenta.