Audugar da Ba Angurya

Duk sanda ruwan farko ya sauka, ƙamshin ƙasa ya tashi, sai gabana ya faɗi. A da ba haka ba ne. Wannan ƙamshin shi ke tayar da kakanmu ya ɗauko igiyarsa mai ƙulli-ƙulli, mu bi shi gona a bayan Daudawa.

Gonar tun zamanin Turawa ce. Da Bature ya sare dajin ya kafa gandun auduga, sai ya zaunar da magidanta, kowa da filinsa da shanun huɗa biyu da garma. Kakanmu na cikinsu. Sharaɗi ɗaya aka gindaya musu: wanda ya bar gonarsa ta kwana damina guda ba shuka, an karɓe ta. Turawa suka tafi, gandun ya watse, amma tsoron nan bai bar tsohon ba. Ko zazzaɓi yake yi sai ya ja igiyar nan, kowane ƙulli rami guda, mu kuwa muna binsa muna dariyar yadda yake auna ƙasa kamar tela. Ranar da zai cika, abin da ya ce wa Baba ke nan: "Kada ka bari ta kwana."

Baba bai taɓa bari ba, sai da 'yan bindiga suka tashe mu. Yau damina huɗu muna haya a Faskari, gonar ta koma daji. Baba ya makance, kuma kullum aka yi ruwa sai ya tambaya, "An yi shuka?" Ni kuma in ce an yi. Allah Ya yafe mini.

Bara a lokacin kaka Baba ya ce, "Kawo mani kaɗar bana in taɓa." Na rasa yadda zan yi, na farke tsohon matashi na ciro auduga na sa masa a hannu. Ya yi ta murza ta da yatsu, a hankali, yana laluben angurya. Ni da na tashi a gonar auduga, na manta cewa wadda aka tsinko daga gona da 'ya'yanta take zuwa, ta matashi kuwa ba ta da su.

Ya miƙo mini, ya juya fuskarsa bango.

Bana an yi ruwan farko, an yi na biyu. Ina zaune kusa da shi ina jira, har yau bai tambaya ba.